Bel ɗin da na ɗinka a motar Nuhu

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar shago na ga ɗayanku, ku yaran shagon nan, ba zan kama suna ba, ya karɓi kujerar yaro daga hannun wata mata, ya jefa ta a bayan mota, ya zagaya mata bel, ya ji maƙulli ya yi ƙara, ya ce an gama. Ko minti uku bai yi ba. Da na ce ya tsayar da matar, sai ya ce, "Baba, ai ba injin jirgi ba ne." Kuka yi dariya. Ni na tashi da wannan gwiwar tawa na bi ta har bakin titi na sake ɗaurawa. Shi ya sa na ce yau bayan la'asar ku zauna in gaya muku inda na koyi wannan aikin, don ba a wurin maigidana na koya ba.

Mahaifina baduku ne, daga ƙasar Kano ya zo, takalma da kuben wuƙa yake ɗinkawa a nan New Bell, unguwarmu a Douala. Ina da shekara goma sha huɗu ya duba ya ga fata ba za ta ciyar da mu duka ba, sai ya kama hannuna ya kai ni unguwar Nkololoun wurin wani ɗan ƙabilar Bamileke mai ɗinkin kujerun mota, ana ce masa Pa Kamga. Shekarar farko ban taɓa keken ɗinki ba. Aikina cire tsofaffin ƙusoshi da filaya, da ɓare rigar kujera ba tare da na yaga soson ba, da share ƙasa. A ta biyu ya ba ni almakashi. A ta uku ya bar ni na hau keke, wani baƙin keke mai nauyi da ke huda simili ninki huɗu kamar takarda. Simili ita ce wannan fatar roba da kuke yankawa kullum, a lokacin da tsada take, in ka ɓata rabin mita sai ka sha mari.

Pa Kamga abu ɗaya ya sani, kyau. Zai sa babban yatsa ya bi layin ɗinki daga sama har ƙasa, in ya ji ya karkace ko kaɗan sai ya ce da Turancinsa na kasuwa, "Open am." Ka farke ka sake. Shekara bakwai na yi a wurinsa, ban taɓa jin ya ambaci bel ba sai in zai ce a cire shi.

Haka kowa yake yi a lokacin. Motoci na sauka a tashar jirgin ruwa, tsofaffi daga Turai, kowacce da bel uku a baya. Masu taksi su ne manyan masu kawo mana aiki, kuma ba mai son ganinsu. Mutum huɗu za a cusa a baya, wa zai ɗaura? Maƙullin yana sukar fasinja a ƙugu, yana yaga sabuwar riga. Kwance ƙusar da ke riƙe da bel a jikin mota sai da sifana da haƙuri, don ruwan Douala ya sa ta yi tsatsa. Almakashi kuwa sau ɗaya ne. Sai in yanke daga tushe, in bar ɗan guntu kamar tsawon tafin hannu, in tura shi ƙarƙashin kujera. Da na buɗe nawa shagon, buhu guda nake da shi na yankakken bel a bayan ƙofa. Masu bensikin, 'yan acaɓa ke nan, suna zuwa su ɗiba su ɗaure kaya. Da Babbar Salla da su ake ɗaure raguna a unguwar nan. Ina alfahari da ƙarfinsu, ban taɓa tambayar kaina me ya sa aka yi su da ƙarfi haka ba.

Daga baya motoci suka fara zuwa da wasu ƙananan ƙarafa biyu a lungun kujerar baya, inda mazauni ya haɗu da majingina. Na ɗauka kuskuren masu ƙira ne. Ina rufe su da soso in ɗinke. Wasu ma na sa mai walda ya datse su don suna huda riga.

Motar Alhaji Garba mai goro tana cikin waɗanda na yanke. Doguwar mota ce mai ruwan toka, ya kawo ta sabuwar sauka, ya ce in yi mata riga ja mai duhu, in kuma cire waɗannan igiyoyin, yara na wasa da su suna shaƙe juna. Na yi mata aikin da har mutane ke tsayawa su leƙa. Ta yi shekaru a hannunsa. Da ƙafa ta hana shi tuƙi sai ya bar wa ɗansa Nuhu, wanda ya yi karatun Faransanci yake aiki a wani ofis a Bonapriso. Nuhu a gabana ya girma, masallacinmu ɗaya. Matarsa Habiba ita ma 'yar unguwar nan ce, a kantin magani take aiki. Suna da 'ya ɗaya a lokacin, Ummi, ba ta cika shekara biyu ba.

Wannan shekarar ita ce mafi muni da na gani a sana'a. Damina ta yi yawa, magudanar bayan shago ta toshe, muka wayi gari ruwa ya kai gwiwa a ciki. Soso duk ya sha laka, simili ta yi fumfuna, keke ya kwana a ruwa sai da aka warware shi gaba ɗaya. Zaren da nake da shi, ƙulli wajen ashirin, na shanya a kan kwano na ci gaba da aiki da shi. Ga taksi sun ragu, bensikin sun kwashe fasinja. Sai in yi kwana uku ba wanda ya tsaya. A irin wannan lokacin mutum ba ya cewa a'a ga aiki, ko wane iri ne.

Wata Alhamis da safe Nuhu ya tsaya da motar, shi kaɗai. Ya fito da kujerar yaro daga but, sabuwa, har da ledarta. Ya ce Habiba ce ta saya, ta kuma rantse Ummi ba za ta hau hanyar Yaoundé a cinya ba. Asabar za su tafi sunan ɗan ƙanwarsa. Sun zo ɗaurawa suka tarar babu bel a baya.

Na ce, "Ni na cire su, da umarnin Alhaji."

Ya ce, "To Baba, sai ka mayar."

Na hau bensikin na tafi unguwar Nylon wurin masu fasa tsofaffin motoci. Na zagaya wurin mutum huɗu. Na ƙarshe ya ce akwai irin motar tana zuwa, in dawo Litinin zai cire mini cikakken bel da ƙusarsa da komai. Na dawo na gaya wa Nuhu haka.

Ya dubi agogo. Ya ce, "Litinin an gama suna. Kuma in na koma na ce mata babu, ba za ta je ba, Hajiyarmu kuma za ta ce matata ta raina dangi. Baba, ba ka da wata dabara?"

Ina da dabara, ita ce matsalar. Na ɗaga kujera na ga guntayen da na bari suna nan lafiya a jikin ƙusoshinsu. Na zazzage buhu na zaɓi bel mai kyau da maƙullinsa. Keke ba zai shiga mota ba, don haka na kwance ƙusoshin da ƙyar, da man birki da guduma, na kawo guntayen kan tebur. Na ɗora sabo a kan tsoho, na yi ɗinki mai kusurwa huɗu, na ratsa shi da gicciye, na sake bi sau biyu. Da Pa Kamga yana raye ya bi da yatsa, ba zai ce a farke ba. Nuhu yana tsaye yana kallo har na mayar.

Da yamma Habiba ta zo da yarinyar don a gwada. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta shiga bayan motar ta bi bel ɗin da hannu har ƙasa. Yatsunta suka tsaya a kan ɗinkin.

Ta ce, "Baba, nan haɗi ne?"

Na ce haɗi ne.

"Zai riƙe?"

Na taka bakin ƙofa da ƙafa ɗaya, na naɗe bel ɗin a hannu na ja da iya ƙarfina har motar ta girgiza. Na ce, "Kin gani? Ko sa aka ɗaure ba zai tsinka ba."

Aka zaunar da Ummi, tana ta dukan hannun kujerar tana dariya. Habiba ta ɗaure ta, ta fito, ta sake duban wurin. Ta ce da Faransanci, a hankali, "Vous êtes sûr, Baba?" Wato na tabbata?

Raina ya ɓaci. Ga maƙwabta suna ji. Na ce, "Habiba, tun ba a haife ki ba nake ɗinki." Ta ce in yi haƙuri. Nuhu yana can yana goge gilashi.

Ranar Asabar bayan azahar labari ya iso unguwa. Sun wuce Edéa kaɗan, wata babbar motar katako ta tsaya a kwana ba alama, Nuhu ya taka birki ya kauce ya daki bakin gada. Ba gudu yake sosai ba. Shi da Habiba suna ɗaure a gaba, ƙirjinsu kawai ya yi tsami. Kujerar Ummi kuwa ta tashi da ita a ciki, ta daki bayan kujerar uban, ta juya ta faɗa tsakanin kujeru. Cinyarta ta karye kusa da ƙugu. An yi mata aiki sau biyu. Ta rayu, amma ƙafar hagu ba ta kamo ta dama ba har yau.

Bayan kwana huɗu aka jawo motar garejin wani abokina a Nkololoun. Na je da kaina, na ce ina so in ga ko rigar kujera za ta gyaru. Na buɗe ƙofar baya. Guntun tsohon bel yana nan a ƙusarsa, ko gezau. Wanda na ɗauko daga buhu yana kwance a ƙasa, shi ma lafiyarsa lau. Zarena ne kawai ya tafi. Ramukan allura suna nan a jere, kusurwa huɗu da gicciye, tsaf, kamar an zana da alƙalami. Na tsaya ina kallonsu. Sannan na sa yatsu na tsince ragowar zaren ɗaya bayan ɗaya, na zuba a aljihu, na rufe ƙofa. Na gaya wa mai garejin riga ba za ta gyaru ba.

Na je asibiti dubiya tare da mutanen masallaci. Nuhu ya riƙe hannuna da hannu biyu a gaban kowa, ya ce likita ya ce ba don tana cikin kujerar ba da ta fita ta gilashi. Ya ce, "Allah ya saka, Baba." Na ce amin. Habiba tana zaune a bakin gado, ba ta ɗago ba.

Wata biyu bayan haka, ina cikin yankan soso, na ga inuwa a ƙofa. Habiba ce, ita kaɗai, da baƙar leda. Ta yi sallama, ba ta durƙusa ba. Ta zazzage ledar a kan teburin keke, bel ɗin ne da guntunsa. Ashe ta je garejin ta sa an kwance mata.

Ta ce, "Sau biyu na tambaye ka."

Na ce haka ne.

Na jira ta yi ihu, ko ta ce za ta kai ni wurin hukuma, da ta yi hakan ma da ban musa ba. Sai ta jawo benci ta zauna, ta fito da wani ɗan littafi daga jaka. Littafin da ya zo da kujerar ne. Ta ce, "Ni ma ban karanta shi duka ba sai a asibiti. Mutane za su ci gaba da kawo maka, don kai suka sani. Ba ka jin Faransancin takarda, to zan karanta in fassara maka. Ka ajiye almakashin."

Ranar Lahadi uku ta yi tana zuwa. Ta zo da kujera aro daga wata abokiyar aikinta, muka roƙi motar maƙwabci. Tana karantawa, ina yi, tana cewa in sake. Ina da shekara hamsin da 'yan kai, 'yar da aka haifa a gabana tana ce mini "Ba haka ba." Duk abin da zan gaya muku yanzu daga bakinta na ji shi.

Kafin ka taɓa kujerar yaron, motar za ka fara dubawa. Ka jawo bel har ƙarshensa, ka bi shi da ido da yatsa. In ka ga haɗi, ko gefen ya fara zarewa, ko rana ta cinye shi ya yi tauri, ka tsaya nan. Ba a ɗinka bel. Ƙarfin hannunka da kake gwadawa da shi ba komai ba ne a kan fizgar mota in ta tsaya farat ɗaya, kuma zaren riga ba don wannan aka yi shi ba, ko da bai taɓa shan ruwa ba. A nemo cikakke da ƙusarsa, ko mai motar ya tafi. Ka fizge shi da sauri ka ji ya cije. In bai cije ba, shi ma ya mutu.

Sai ka sa hannu a lungun kujera ka lalubi ƙarafan nan biyu. Ranar da ta nuna mini hotonsu a littafin, ta ce don kujerar yaro aka yi su, na shiga lissafa motocin da na sa aka datse wa a raina, har na daina. In suna nan, kuma kujerar tana da hannayen da ke kama su, ka tura har ka ji duka biyun sun kama, ka ja ka tabbatar. In riga ta rufe su, ka farke rigar ka yi musu ƙofa, ko da aikinka ne mafi kyau.

In da bel za ka ɗaure, akwai hanyar da aka yi masa a jikin kujerar, yawanci da launi an nuna. Ta nan zai bi, ba ta inda ya fi maka sauƙi ba, kuma kada ya murɗe. Ka ɗora gwiwa a cikin kujerar ka danna da nauyinka, soson mota ya nutse, sannan ka ja ragowar ka kulle. Ka kama ta daidai inda bel ya ratsa ka girgiza hagu da dama. In ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu, ba ka gama ba. Kujerar matar da na bi jiya, da hannu ɗaya na kwantar da ita a gefe.

Jariri baya yake kallo, ba gaba ba, kuma a kujerar baya. Uwa za ta ce tana so ta riƙa ganin fuskarsa, ka ba ta haƙuri, wuyansa bai yi ƙwarin da zai ɗauki kansa ba in an taka birki. Igiyoyin kafaɗa kuma su kwanta a jikinsa, in ka iya tsunkule su da yatsu biyu sun yi sako-sako. Kujerun gwanjo da ake zubewa a kasuwa, ka juya su ka duba ƙasa a rana. Farin layi a jikin roba alama ce ta taɓa shan duka. Na sha mayar da irinsu, masu su suna zagina.

A Lahadi ta ƙarshe, da ta tashi tafiya, na ce mata zan sami Nuhu in gaya masa. Ta ce, "Ni ban gaya masa ba. Yana ganin girmanka, kuma yana da abin da ke damunsa, kullum cewa yake shi ya yi tuƙin. In za ka faɗa, kai ka faɗa." Ta bar mini littafin.

Ban faɗa ba. Shekara goma sha ɗaya muna sahu ɗaya da shi. In an sallame ya miƙo hannu, in miƙa. Sau da yawa na shirya maganar tun daga gida, sai in ga mutane, in ce gobe. Buhun nan na kai shi bola da kaina. Masu taksi da yawa sun daina zuwa don na ce ba na yankewa, suka koma wurin wasu, ana yanke musu har yau.

Bara aka yi wa Nuhu canjin aiki zuwa Garoua. Ranar tafiya, kaya sun riga sun wuce a babbar mota, ya tsaya a nan da iyalinsa don sallama. Habiba ta gaishe ni daga cikin mota. Ummi ta zama budurwa, tana baya da ƙannenta biyu, ƙaramin yana cikin kujerar da ni na ɗaura. Nuhu ya shigo shago ya ajiye mini turmin shadda. Na ga in ya fita shi ke nan. Na ce ya zauna.

Na ce, "Nuhu, bel ɗin nan na motar Alhaji. Ba hatsarin ne ya tsinka shi ba. Ɗinkina ne ya farke."

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Na sani, Baba. Ni na ciro ta daga tsakanin kujeru. Na ga zaren a ranar."

Na ce, "Ka kuma yi mini godiya a asibiti?"

Ya ce, "In na ce laifinka ne, sai ka ce ka gaya mini in jira Litinin. Habiba ba ta san ka ce in jira ba. Ce mata na yi ka ce ba matsala."

Keke yana tsakaninmu da rigar wata taksi a bakinsa. Can ya ce, "Kai ka ɗinka, ni na hana ka jira. Na yi ta so in gaya mata, kullum sai in ce gobe."

Aka danna oda a waje. Ummi ta leƙo ta taga ta ce, "Abba, rana tana yi."

Ya tashi, ya ce in yafe masa, na ce shi ma ya yafe mini. Na raka shi bakin mota. Habiba ta ce, "Sai wata rana, Baba." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya tayar da mota, suka bi ta kasuwa, na tsaya har bensikin suka rufe su. Ko ya gaya mata a Garoua, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.